Motocin Koriya sun kamo na Japan da Jamus, ko da saura?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya cewa yana shirin sayen mota. Ya duba ya ga Hyundai da Kia sun fi Toyota, Honda da Volkswagen sauƙin kuɗi, ga su cike da kayan zamani, amma mutane suna ta ce masa araha ba ta ado. Yana so ya san ko motocin Koriya ta Kudu suna da ƙarko da gaske, kuma ko zai mori kuɗinsa.

Malam, sana'ata ke nan, kwance inji da ɗaure shi da bin diddigin abin da ya kashe shi, saboda haka zan gaya maka yadda nake kallon lamarin. Sun kamo, a wasu wurare ma sun wuce. Sai dai motar Koriya da sunan injinta da irin giyar da ke cikinta ake sayenta. Sunan kamfani kaɗai ba ya wadatarwa. Corolla kusan kowacce ka ɗauka za ka zauna lafiya. Hyundai da Kia kuwa, za ka ga mota biyu masu tambari ɗaya, shekara ɗaya, wannan ta ci kilomita 300,000 ba a taɓa buɗe injinta ba, waccan kuma injinta ya buga kafin ta kai rabin haka. Bambancin yana ƙarƙashin bonet, kuma ana iya gane shi tun kafin a biya kuɗi.

Mummunan sunan da ke bin su yana da asali. An kafa kamfanin motoci na Hyundai a 1967, ya fara da harhaɗa Ford Cortina. Motarsa ta farko ta ƙashin kansa, Pony, ta fito a 1975, amma Giorgetto Giugiaro na Italiya ne ya zana jikinta, injin na Mitsubishi ne, kuma an ɗauko George Turnbull daga Ingila ya tsara masana'antar. Sai a 1991 Hyundai ya ƙera injin da yake nasa, wanda ake kira Alpha. Kia ya girme shi, tun 1944 yake, amma da bututun ƙarfe da kayan keke ya fara. A 1986 Hyundai ya shiga Amurka da Excel a kan dala 4,995, aka yi rububinta, aka sayi fiye da 160,000 a shekarar farko. Ba a jima ba motocin suka fara lalacewa a hannun masu su, sunan ya zube. Yawancin masu ce maka motar Koriya ba ta da ƙarko maganar wancan zamanin suka gada. Wasu kuma Daewoo suke tunawa, kamfanin da ya durƙushe a 1999, General Motors ya karɓi sashen motocinsa a 2002.

Abin da ya juya lamarin ya faru ne cikin shekara biyu. Rikicin kuɗi na Asiya a 1997 ya karya Kia, Hyundai ya saye shi a 1998. A 1999 Chung Mong-koo ya hau shugabancin kamfanin, kuma a daidai wannan lokacin suka fito da garanti na shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya a Amurka. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin dabarar talla kawai, amma duk wanda ya san yadda masana'anta ke aiki ya san nauyinsa. Da zarar kamfani ya ɗauki alkawarin gyara inji na shekara 10, duk fistan da ya fashe, duk giyar da ta ƙone, daga aljihunsa za a biya. Injiniya da ke son a sa roba mai kyau ko ƙarfe mai ƙwari ya samu hujjar da zai kai wa masu lissafin kuɗi. A Turai ma Kia ya bi wannan hanya da garanti na shekara 7 ko kilomita 150,000, Hyundai kuma shekara 5 ba iyakar kilomita, alhali yawancin kamfanonin Turai a shekara 2 ko 3 suka tsaya a lokacin.

Sakamakon ya bayyana. A binciken ingancin sababbin motoci na kamfanin J.D. Power na 2004 Hyundai ya yi kunnen doki da Honda a matsayi na biyu, bayan Toyota. A 2016 Kia ya zo na ɗaya gaba ɗaya, karo na farko cikin shekara 27 da kamfanin da ba na motocin alfarma ba ya hau wannan matsayi. A 2018 Genesis (motocin alfarma na Hyundai), Kia da Hyundai ne suka kwashe na ɗaya zuwa na uku. A 2022 kuma rukunin Hyundai da Kia ya zama na uku a duniya wajen yawan sayarwa, bayan Toyota da Volkswagen. Amma ka lura da abin da ake aunawa. Wancan binciken yana tambayar mai sabuwar mota ne bayan kwana 90. Akwai wani da ake yi bayan shekara 3, wanda Kia ya lashe a 2022. Babu ɗaya daga cikinsu da ke gaya maka halin da mota za ta kasance a shekara ta 12, kuma nan ne Toyota ya gina sunansa. A binciken Consumer Reports, wanda ke tattara rahoton masu motoci kowace shekara, Toyota da Lexus sun saba zama a sahun gaba, Hyundai da Kia kuma galibi suna ƙasa da su, a tsakiya ko sama da tsakiya kaɗan.

Yanzu bari mu zo kan injin da ya fi kowanne ɓata musu suna a wannan zamani, domin idan ka fahimce shi ka fahimci rabin amsar. Sunansa Theta II, mai lita 2.0 da 2.4, musamman wanda aka rubuta wa GDI. Shi ne a Sonata, Optima, Santa Fe Sport, Sorento da Sportage na shekarun 2011 zuwa wajen 2019.

A cikin kowane inji, karanshaf yana juyawa ne a kan wasu siraran ƙarafa masu siffar rabin zobe, waɗanda makanikai ke kira metal. Ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe a wurin. Baƙin mai ne ke shiga tsakani, siririn da bai kai kaurin gashin kai ba, kuma ta wasu ƙananan ramuka da aka huda a cikin karanshaf ɗin yake isowa. Lokacin huda ramukan nan ana samun ɓurɓushin ƙarfe, wanda dole a wanke shi tas kafin a haɗa injin. A masana'antar Hyundai ta Alabama a Amurka ba a wanke shi yadda ya kamata ba. Ɓurɓushin ya riƙa toshe hanyar mai, metal ɗin ya bushe, ya yi zafi, ya cinye. Direba zai fara jin wani ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, wanda ke ƙaruwa idan ya taka totur. Idan aka kwance kwanon da mai ke taruwa a ƙasa, sai a ga man yana ƙyalli da garin ƙarfe, metal ɗin kuma ya yi baƙi ya lanƙwashe. Idan aka ci gaba da tuƙi, sandar fistan na iya karyewa ta fasa jikin injin, mai ya watsu a kan salansa mai zafi, wuta ta tashi.

A watan Satumba na 2015 Hyundai ya yi kiranyen Sonata kimanin 470,000 na 2011 da 2012, wato ya ce a maido su a gyara kyauta. A 2017 aka ƙara fiye da miliyan ɗaya, har da na Kia. Abin da ya fi damuna a labarin shi ne jan ƙafar da aka yi. Wani injiniyan kamfanin mai suna Kim Gwang-ho ya tafi Washington a 2016 ya shaida wa hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka cewa matsalar ta fi yadda aka bayyana girma. A 2020 hukumar ta ɗora wa Hyundai da Kia hukuncin dala miliyan 210 saboda jinkirin kiranye da ba da bayanin da ba daidai ba, a 2021 kuma ta ba Kim ladan fiye da dala miliyan 24. Tun kafin wannan hukunci kamfanin ya fara sa wa motocin wata manhaja da ke sauraron girgizar metal. Idan ta ji alamar cinyewa sai fitilar inji ta fara ƙiftawa, motar ta rage ƙarfi, kwamfuta ta nuna lamba P1326. Wanda aka yi wa wannan gyara a Amurka ya samu tsawaitaccen garanti a kan wannan matsala, kuma an canza wa mutane da yawa inji kyauta.

Kada wannan ya sa ka ɗauka abokan hamayyarsu tsarkaka ne. A 2024 Toyota ya yi kiranyen Tundra da Lexus LX kimanin 102,000 a kan irin wannan cuta sak, ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin inji. Injinsa 2AZ-FE na Camry da RAV4 ya yi suna wajen shan baƙin mai. A 2014 ya biya dala biliyan 1.2 a Amurka kan yadda ya ɓoye matsalar motocin da ke ƙara gudu da kansu. Honda ya fi kowa shiga cikin bala'in jakar iska ta kamfanin Takata. Volkswagen an kama shi a 2015 yana maguɗin gwajin hayaƙin dizal. Nissan ya sha ƙorafi shekara da shekaru kan giyarsa mai bel. Abin da ya bambanta Theta II shi ne yawan motocin da ya shafa da tsawon shekarun da ya ɗauka, kuma ya faɗa kan motocin da talakan mai iyali ya fi saye.

Wannan ya kawo mu kan haruffa ukun nan, GDI da MPI, waɗanda nake so ka riƙe. A injin MPI, nozul yana fesa fetur a bayan bawul, fetur ɗin ya wanke bawul ɗin kafin ya shiga. A injin GDI ana fesa shi kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfi. Ana samun ƙarin ƙarfi da rage shan mai, amma bawul ba ya samun wanka, gawayi ya taru a kansa, kuma fetur yana ɗan zurarewa ya tsinka baƙin mai. Irin wannan inji ba ya yafe wa mai jinkirin juye, ba ya kuma son gurɓataccen fetur. Toyota ya daɗe yana haɗa nozul iri biyu a inji ɗaya don kauce wa wannan, Hyundai kuma sai a sabon injinsa mai lita 2.5 na jerin Smartstream ya bi sahu. Ƙananan injunansu na MPI, irin Kappa mai lita 1.2 da Gamma mai 1.4 da 1.6 da ke cikin i10, Picanto, Accent da Rio, injuna ne masu sauƙin sha'ani da juriya. Haka babban injinsu Lambda mai silinda shida, da na dizal mai lita 2.2 da ke cikin Santa Fe da Sorento. Ko a Seoul, Sonata mai aiki da iskar gas ita ce ta daɗe tana riƙe da harkar tasi, kuma mai tasi ba ya zama da motar da ke kwana a gareji. MPI ma bai tsira gaba ɗaya ba: a 2021 an yi kiranyen wasu Elantra, Kona, Soul da Seltos masu injin Nu na lita 2.0 saboda ringin fistan da ba a gasa daidai ba.

Giya ma haka take. Tsohuwar giyarsu mai canza kanta mai hawa shida, wadda ke aiki da mai, tana da ƙwari, kuma su suka ƙera abarsu. Wadda nake ja wa mutane kunne a kanta ita ce mai kuloci biyu busassu mai hawa bakwai, da ake rubuta wa DCT, irin ta Tucson mai turbo ta 2016. A buɗaɗɗiyar hanya tana da daɗi da tsimin mai. A cunkoso kuwa, inda ake tafiya taku-taku, kulocin yana gogawa ba mai sanyaya shi, sai ya yi zafi, motar ta riƙa kakkarwa ko ta yi jinkirin tashi. An yi kiranyen wannan Tucson ɗin a 2016 a kan haka. Ford da Volkswagen duk sun sha wuya da irin wannan giya, don haka laifin na tsarin ne. Mai zama cikin gari ya nemi mai aiki da mai ko ta hannu.

Akwai kuma wuraren da tsimin kuɗi ya fito fili. A Amurka sun sayar da miliyoyin motoci masu makullin ƙarfe, daga wajen 2011 zuwa 2021, ba tare da na'urar da ke hana inji tashi idan ba makullinsa ba ne, alhali kusan duk sauran kamfanoni suna sa ta. Da aka yaɗa yadda ake sace su a TikTok, sata ta yi yawa har wasu kamfanonin inshora suka ƙi karɓar motocin, aka ƙare da sulhun kimanin dala miliyan 200 a 2023. A Turai da Kanada doka ta tilasta sa na'urar, saboda haka motocin can ba su da wannan rauni. A 2023 ɗin dai an yi kiranyen fiye da miliyan 3 saboda na'urar birki da ke iya kama wuta, har aka ce wa masu su su riƙa ajiye su a waje. A 2012 kuma an gano sun zuzuta tsimin man wasu motocinsu, suka biya tarar dala miliyan 100 a 2014.

To ina ribar? Tana nan, kuma ba ƙarama ba ce. Rukunin Hyundai yana narka ƙarfensa a Hyundai Steel, yana ƙera kayan haɗi a Hyundai Mobis, yana jigilar motocinsa da jiragen ruwan Hyundai Glovis. Tucson da Sportage gindinsu ɗaya, haka Sonata da Optima, Santa Fe da Sorento, Accent da Rio. Shi ya sa suke iya ba ka kyamara, kujera mai ɗumi, na'urar taka birki da kanta da babban allo a kuɗin da Toyota zai ba ka motar da ba ta da rabinsu, kuma kayan gyaran ɗaya sau da yawa suna shiga ɗayar. Sai dai tazarar farashin ta ragu ƙwarai. A yau sabuwar Tucson ba ta yi nisa da RAV4 ko CR-V ba, abin da kake samu ƙari shi ne kaya da dogon garanti.

Lissafin da mutane ke mantawa shi ne na ranar sayarwa. A mafi yawan kasuwanni Toyota da Honda sun fi riƙe daraja. Wanda ke canza mota bayan shekara 3, abin da ya rage a wajen saye yakan tafi a wajen sayarwa, wani lokaci har da ƙari. Wanda zai saya sabuwa ya riƙe ta shekara 7 zuwa 10 a ƙarƙashin garanti, shi ne ya fi kowa cin moriyar motar Koriya. Na biyu shi ne mai sayen ta hannu da ya san injin da zai zaɓa, domin faɗuwar darajar da ta cuci mai ita na farko ita ce ribarsa. Amma ya sani cewa a Amurka garantin shekara 10 na mai saye na farko ne kawai, na biyu shekara 5 ko mil 60,000 yake samu, kuma motar da aka fitar daga ƙasar da aka sayar da ita galibi garantinta ba ya bin ta.

Idan da motocin Jamus kake gwada su, hukuncina ya fi sauƙi. A 2006 Kia ya ɗauko Peter Schreyer, wanda ya yi suna da zanen Audi TT, a 2015 kuma Hyundai ya ɗauko Albert Biermann daga sashen motocin gudu na BMW. Tun daga nan siffa da zaman mota a kan hanya suka canza, aka kuma ware Genesis a 2015 don karawa da Mercedes, BMW da Lexus. A gudu mai yawa motar Jamus har yanzu ta fi natsuwa a hannu, amma da garanti ya ƙare kuɗin gyaranta ya fi na Koriya nesa ba kusa ba. Ga mai lissafin aljihu, na Koriya ne a gaba.

A motocin lantarki kuwa sun sha gaban Toyota da Honda. Ioniq 5 ta Hyundai da EV6 ta Kia suna aiki da tsarin wutar lantarki mai ƙarfin volt 800, wanda ke kai batir daga kashi 10 zuwa 80 cikin kimanin minti 18 a caja mai ƙarfi. Ioniq 5 ta lashe kyautar motar shekara ta duniya a 2022, Ioniq 6 a 2023, EV9 a 2024, EV3 a 2025. Su ma suna da tabonsu: na'urar da ke cajin ƙaramin batir ta jawo kiranye a 2024, kuma a 2021 an canza batirin Kona mai lantarki fiye da 75,000 saboda haɗarin gobara. A motoci masu haɗa fetur da lantarki Toyota ne mai dogon tarihi tun Prius ta 1997, kuma a motocin daji da ɗaukar kaya irin Land Cruiser da Hilux Koriya ba ta da abin da aka gwada tsawon lokaci haka. Kia sai a 2024 ya nuna Tasman.

Idan ta hannu za ka saya, fara da lambar shasi. Wadda ta fara da K a Koriya aka ƙera ta, 5NP Alabama, U5Y Slobakiya, TMA Jamhuriyar Cek, MAL Indiya. Da lambar za ka bincika ko motar tana cikin kiranye, ko an yi gyaran, ko an taɓa canza mata inji. Sonata ko Optima da kamfani ya sa wa sabon inji ta fi wadda ba a taɓa ba kwanciyar hankali. Ka je da safe ka tarar da injin a sanyaye, ka sa a tayar da shi kana tsaye a gefe bonet a buɗe, ka saurari ƙasan injin a daƙiƙun farko. Ka zaro sandar auna mai ka shafa a farin ƙyalle ka duba a rana ko akwai ƙyallin ƙarfe, ka kuma shinshina ko yana warin fetur. Ka sa a jona kwamfuta a ga ko P1326 ta taɓa fitowa ko an goge lambobi kwanan nan. Idan mai kuloci biyu ce, ka shiga da ita cunkoso na minti 20, ka tsaya a kan tudu ka sake tashi. Sannan ka nemi takardun sabis. Mai injin GDI da ba a iya nuna maka lokutan da aka yi mata juye ba, ka bar ta komai kyan fentinta, ka nemi mai MPI ko mai silinda shida.